Na Je Toshe Ɓaraka a Injin Gidan Sori

Tun da na dawo Agye ba ku bar ni na huta ba. Mariyama ta kira, Zuwaira ta aiko saƙon murya, har Fati da ba ta gaishe ni sai da salla ta tuno da lambata. Tambayar kowa ɗaya ce: "Hadiza, yaya yamma? Me kika gano? Ina tsaraba?" To babu tsaraba. Ciwon baya na kawo, da baƙin da rana ta ƙara mini. Amma tun da kun nace, ku zauna in ba ku labarin sau ɗaya, don wallahi ba zan iya maimaita wa kowacce nata ba.

Kun san ina aiki da wata ƙungiya ta manoma da makiyaya, amma na tabbata har yau ba ku san abin da nake yi ba. Na ji Zuwaira na gaya wa mutane wai gyaran waya nake, Allah ya shirye ki. Ƙungiyar na da injuna ajiye a wasu garuruwa, kwamfutoci ne ƙanana marasa fuska, suna aiki da hasken rana. Inji ɗaya ne, amma ayyuka da yawa ke gudana cikinsa: na rabon iri, na farashin kasuwa, na malaman dabbobi. Don kada su shiga harkar juna, kowane aiki an rufe shi cikin abin da muke ce wa kwantena. Ku ɗauka gidan haya ne, kowa da ɗakinsa, ba mai ganin abin da ke ɗakin maƙwabci. Akwai kuma wata manhaja da ke gina ɗakunan ta riƙe makullansu duka. Ita ce mai gadin gidan.

Ana tsakiyar damina sai masu ƙera manhajar suka ba da sanarwa cewa an gano ɓaraka a jikin mai gadin nan. Wanda ya san hanya, in aka ba shi ɗaki guda, yana iya ɗana tarko a ciki. Da mai gadi ya leƙo sai tarkon ya kama shi, ɗan haya ya sa nasa mutum a madadinsa, makullai duka su koma hannunsa. Sun fitar da gyara tare da sanarwar. Masu rezo mai ƙarfi, wato layin waya mai kyau, sun sauke shi kafin shayinsu ya huce. Mu kuwa injunanmu na inda ko gaisuwa za ka aika sai ka hau tudu, kuma in gyaran ya tsaya a rabi inji ya mutu, babu mai tada shi. Dole mutum ya zuba gyaran cikin kile, ɗan abin nan kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A buro, wato ofishinmu, duka ni kaɗai na san cikin injunan, saboda haka ba a ma tsaya shawarar wanda zai je ba.

Abin da ya hana ni cin abinci ranar shi ne injin da ke wani ƙauye a ƙasar Gidan Sori. A ɗakin malaman dabbobi na wannan inji an rubuta inda kowace ruga ta yankin ke zaune da yawan shanunta, don in cuta ta ɓulla a san inda za a nufa. Kun san abin da ke faruwa a kudancin can, yadda ake shigowa da bindiga a kora garke a tsallaka iyaka da shi. Kun kuma san Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa ko ga surukinsa. To ni na sa suka faɗa. Ba takardata suka duba ba, Goggo Hajjo suka duba. Ku da muka yi lakol, makarantar boko, tare za ku tuna ta, doguwar nan mai kawo nono gidanmu lokacin da suke sauka gonar Baba bayan girbi. Da Inna ta rasu ita ta zauna da ni har na daina firgita, kuma ita kaɗai ta rage mai ce mini "ɗiyata". Daga baya wurin kiwo ya matse suka koma yamma. Da aka zo rajista na je na same ta, ta tsaya gaban mijinta Ardo da sauran maza ta ce, "Ɗiyata ta ce ba mai gani sai likitan shanu. In ta ce haka, haka ne." Yanzu ga shi an ce mini bangon da na rantse a kansa yana da rami.

Na ce wa shef ɗinmu, wato shugaban buro, Malam Isuhu, in fara da yamma. Ya ce ina, yamma sai da takardar izini, kuma ba a sa mata hannu ba tukuna.

"Shef, rayuwar mutane ce fa a cikin injin nan."

"Na sani, Madam Hadiza. Amma in jandarma suka maido ki daga bariya, shingen nan na hanya, me kika yi? Fara da gabas, kafin ki gama takarda ta fito."

Gaskiya ya faɗa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na kira wayar Ardo, a kashe. Na ƙulle kile a bakin ɗankwalina yadda tsofaffi ke ƙulle goro, na nufi tasha.

Motar Gazawa ba ta da labari, in ban da wani bunsuru da aka ɗaure bayan kujerata, wanda ya yanke shawarar cewa mayafina ganyen wake ne. Mai shi ko a jikinsa. Da na yi magana ya ce, "Hajiya yi haƙuri, bai karya ba tun safe." Ni ma ban karya ba, amma ban ci rigar kowa ba. Injin Gazawa na cikin buro mai siminti da fanka, na soka kile, na sa gyara, na duba babu wanda ya taɓa shi, na fito.

Daga nan na hau kabu-kabu, wato moton haya mai ƙafa biyu, zuwa Gangara, kuma na dace da ranar kasuwa. Kai, hatsi ya yi kyau bana a wajen nan! Ya fi tsawon mutum, hanya ta zama ɗan siririn layi tsakanin gonaki, ganye na marin fuskata dama da hagu. Mai kula da injin can wani dattijo ne, Malam Habu, mutumin kirki. Na tarar ya lulluɓe injin da sabuwar darduma, wai don kada sanyin damina ya shige shi. Injin ya yi zafi har ana iya gasa masara a kai. Na yaye darduma, na yi masa bayani a hankali cewa ɓarawo na iya shiga cikin abin ba tare da ya taɓa ƙofa ba. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Can ya tashi ya fita. Ina cikin aiki sai ga shi ya dawo daga kasuwa da wani ƙaton kwado, ya ajiye gabana.

"Ɗiyar nan, in dai ɓarawo ne, wannan ko guduma ba ta fasa shi."

Na yi masa godiya, muka maƙala kwadon a ƙofa tare. Kafin in gama aiki labari ya zaga kasuwa cewa likitar waya ta zo, aka jeru a ƙofa da wayoyi masu fasasshiyar fuska, da rediyo, har da wata tocila. Zuwaira, ke kika ja mini.

A can iyaka ba ta da nisa, har wayata ta rikice ta aiko mini barka da zuwa wata ƙasa, ni da ke zaune kan tabarmar Malam Habu. A kasuwa ma kuɗin can da na nan duk yawo suke hannu ɗaya, ba mai tambaya. Na tsaya ina kallon kudu, ban ga komai ba sai hatsi. Na sake kiran Ardo, a kashe.

An sauke ni gidan ungozomar garin. Ta share mini ɗaki, ta kawo ruwan wanka, ta kawo tuwon hatsi da miyar kuɓewa ɗanya, ta ajiye ta ja labule ta fita. Na ce ta zo mu ci, ta ce a'a, baƙuwa sai ta sake, ba a tsare ta da ido. Mu a gidanmu baƙuwa mace hannunta cikin kwanonmu yake, amma kowane gida da irin tarbarsa. Ina jin su a tsakar gida suna hira suna dariya, ana tsokanar wata amarya, ni kuma ina ciki ni da kwano. Wallahi kaɗaici bai taɓa kama ni kamar lokacin ba. Babu ko mutum ɗaya a garin da zan ce masa ga abin da nake tsoro ya gane.

Washegari shef ya kira, takarda ta fito, ya ba direban wata mota ya miƙa mini a tashar Agye. Haka na ratsa garinmu ban sauka ba. Ta taga na hango kan layinmu, na hango mai ƙosan da nake saye wurinta kullum tana juya kasko, ba ta gan ni ba. Muka wuce Cadawa, muka sauya mota a Maraɗi, muka ɗauki gudron, titin kwalta na yamma.

A bariyar da ke bayan Tsibiri aka sauke mu duka. Wani jandarma ya karɓi takardata ya karanta har ƙasa, ya dube ni.

"Madam, an rubuta kin ɗauko kayan aiki. Ina kayan?"

Na kwance bakin ɗankwali na nuna masa kile. Ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan ne kika baro Agye dominsa?"

"Shi ne."

Ya miƙo mini, fuskarsa ta sauya, ya rage murya. "Inda za ki, ki shiga da rana ki fito da rana. Kada ki kwana a daji." Na ce to. Wata mata da ke kusa da ni a mota ta ji, ta dafa gwiwata ta ce Allah shi kiyaye.

Gidan Rumji gari ne na kasuwa, hatsi da dabbobi da amalanke ko'ina. Hausarsu ta fi tamu nauyi, ga tsagar Gobirawa a fuskar tsofaffi, in suka gaishe ka kamar faɗa za a yi, alhali alheri ne zalla. Masaukin ƙungiya wani ɗaki ne jikin magaza, ɗakin ajiyar taki, warin takin ya shiga har cikin tufafina. Na gyara injin garin da yamma, na shirya in kama hanya da safe. Sai sama ta ce ba ta san zancen ba. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, fadama ta cika ta yanke hanyar ƙauyen da zan je. Masu kabu-kabu suka ce ko an ba su doki ba su shiga.

Zaman jiran nan shi ya fi komai cin raina. Da safe in je bakin ruwa in duba, in dawo. In zauna wurin wata mai kopto, kwaɗon ganyen nan, in saya in ci ba don ina jin yunwa ba, don dai in zauna kusa da mutane. Koptonta kuwa ya ji ƙuli da barkono, ya fi namu, ku yi haƙuri. Kunnena na kan hirar mutane. Da na ji an ce "an kore" ko "sun shigo" sai in matsa, ashe zancen tumakin da suka shiga gonar wani ake. Mai kopton ta lura, ta ce, "Ke baƙuwa, mi ad damuwakki? Miji ya gudu?" Na yi dariya na ce ai ba a ma samu ba balle ya gudu. Ta ƙara mini cokali ɗaya don ta'aziyya.

Da ruwa ya ɗan janye na samu wani mai kabu-kabu, Ɗan Ladi, magidanci mai furfura a gemu, wanda ya ce zai kai ni. Bai cika magana ba, abin da na so ke nan. Inda laka ta yi yawa muka sauka muka tura, takalmina ɗaya ya tsaya a ciki sai da ya sa hannu ya zaro. A bakin fadama muka ɗora moto kan amalanken shanu, muka hau muka tsallaka, ruwa na taɓa cikin shanun. Ni dai hannuna na kan ƙullin ɗankwali, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Mai kula da injin ƙauyen, Malam Sanusi, ya tarbe ni da murna, ya shimfiɗa tabarma, ya aika a kawo fura. Ban jira furar ba. Na haɗa kwamfutata da injin, na nemi ya nuna mini ɗakunan da ke cikinsa. Na ga namu duka. Na ga kuma wani ɗaya da ban sani ba.

"Malam Sanusi, wannan na wa ne?"

"Au, na baƙon nan na. Mai tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi cikin waya. Ai ku kunka ce in da wuri ana iya ba masu sana'a, tun da ɗaki ba ya ganin ɗaki."

Mu muka ce, ba ƙarya ya yi ba. Da abin da masu sana'a ke bayarwa ake sauya batir.

"Mene ne sunansa?"

"Malam muke ce mishi."

"Daga ina yake?"

"Daga kudu dai. Ran kasuwa yaz zo, ruwa ya tsare shi, munka yi salla tare, yac ci tuwo gidana, yak kwana zaurena."

"Ba ka tambaye shi cikakken suna ba? Ba ka ga takardarsa ba?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Haba Madam. Mutum ya sa hannu cikin akushina, in tsare shi da tambaya kamar jandarma? Ina aka yin haka?"

Na buɗe baki zan yi masifa, kun san ni. Sai na tuna Baba ma haka zai yi, ni ma da a gidanmu ne haka zan yi. Na rufe bakina na koma kan inji.

Kowace manhaja na da wata shaida, kamar zanen yatsa, da ake gane ta gaskiya da ita. Na gwada ta mai gadin injin nan da wadda ya kamata ta kasance. Ba su zo ɗaya ba. An sauya shi. Na nemi inda inji ke ajiye tarihin wanda ya shiga da abin da ya taɓa, na tarar an share shi fes. Baƙon kuwa, in ji Malam Sanusi, ya dawo wata ranar kasuwa, wai ya zo ƙara sababbin waƙoƙi, ya soka nasa kile, ya tafi, ba a ƙara ganinsa ba.

Ku fahimce ni da kyau. Ban san ko ya kwashi bayanin rugage ba. Wataƙila wani ɗan zamani ne mai gwada hannunsa, wataƙila abin ma a wani wuri ya kwaso shi bai san abin da ke ciki ba. Wataƙila kuma ya san sarai abin da ya zo nema. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani, makullai sun kwana a hannunsa. Na wanke injin tas, na sake gina shi da gyaran, na fitar da ɗakin malaman dabbobi daga cikinsa gaba ɗaya. Aikin da na baro Agye dominsa ya ƙare kafin la'asar, kuma bai amfana wa kowa komai ba. Furar Malam Sanusi na gefe ta tsinke.

Ɗan Ladi ya ce mu juya tun da sauran rana. Na ce a'a, ruga za mu. Ya tada moto. Ya ajiye ni inda hanya ta ƙare, ya ce zai kwana a ƙauye, da safe in same shi a bakin babbar turba.

Goggo Hajjo na tuƙa tuwo ta hango ni. Ta saki muciya. "Jaɓɓama! Jaɓɓama, ɗiyata, sannu da zuwa! Daga ina haka kamar an jeho ki?" Ta tsufa, amma tsayinta na nan. Ta kama fuskata da hannu biyu ta ce na rame, wa ke ba ni abinci a birni? Ta kawo kindirmo cikin ƙwarya, ta zauna gabana sai na shanye. Shanu na dawowa daga kiwo, maruƙa na kuka a turke, ga wata sarakuwarta da ciki ya tsufa tana ta ɗawainiya. Wurin ya yi ciyawa, ga tabki kusa. A damina samun wuri irin wannan tsakanin gonaki ba ƙaramin abu ba ne, na san sun sha wuya kafin su same shi.

Na ce ina son ganin Ardo. Aka shimfiɗa buzu, ya zauna, 'yan'uwansa maza suka zauna, Goggo ta tsaya daga gefe. Na faɗa musu komai. Ban kawo zancen kwantena ba. Na ce abin da kuka ba ni ajiya, wani baƙo ya samu hanyar isa gare shi, ban san ko ya ɗauka ba, ban san ko wane ne ba.

Da sun yi mini ihu da na fi jin daɗi. Ba wanda ya ɗaga murya. Ardo ya dubi sandarsa, ya tambaye ni.

"Da wurin da muke, da yawan shanu?"

"Duka, Baffa."

"Da na sauran rugage?"

"Da nasu."

Ya ce wani abu da Fulatanci, maza biyu suka tashi suka ɗauki sanduna, na gane aike ne zuwa sauran rugagen. Sa'an nan ya juyo gare ni. "Kin sha hanya don ki gaya mana. Da wani ne da ya yi shiru. Mun gode." Ya tashi. Na kalli Goggo, ita kuma ƙasa take kallo. Ita ce ta tsaya mini gaban mutanen nan, yanzu kunyar a kanta take. Ta shimfiɗa mini a bukkarta, ta rufa mini zanenta.

Da gari ya waye na fito na tarar rabin rugar ta sauka ƙasa. Mata na kwance bukkoki, ana ɗaure ƙore cikin raga, ana ɗora wa jakuna. Mai cikin nan na zaune kan ƙullin kaya tana riƙe da ƙugu. Za su bi burtali tsakanin gonakin mutane, da maruƙa, cikin laka, inda saniya ɗaya in ta karkata ta ci hatsin wani sai a yi tashin hankali. Na sa hannu zan taya ɗauri, Goggo ta karɓe igiyar.

"Ke baƙuwa ce. Taho in raka ki, mai moto na jira."

Ta ɗauki jakata ta ɗora a ka, na yi na yi ta ba ni ta ƙi. Muka kama hanya. Mu a Agye rakiya iyakarta bakin layi, in an girmama ka a kai ka tasha. Da muka kai wani gawo na ce, "Goggo, koma haka nan, aiki na jiranki." Ta ce mu ƙara kaɗan. Muka ƙara. Tana ta hira, tana ba ni labarin Inna, yadda suka taɓa yin faɗa kan ƙwaryar nono suka shirya kafin azahar, tana tambayar Baba da ciwon ƙafarsa, tana tambayar ko rijiyar bayan gidanmu na nan. Muka haura wani tudu muka gangara bayansa. Na sake cewa ta koma. Ta ce ƙafarta ta gaji, mu ɗan zauna. Muka zauna a inuwar wata aduwa, ta fito da ɗan goran man shanu daga cikin zane ta sa mini a hannu, ta ci gaba da hira. Wallahi zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina ashe ba ta yi fushi ba, dubi irin rakiyar da take mini, ko amarya ba a yi wa haka.

Sai na ce, "Goggo, ina za ku sauka? Don in san inda zan same ki."

Ta gyara mini mayafi a kafaɗa. "Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. Ki ci abinci, kin ji? Tashi mu je, rana na yi."

Muka isa turba, Ɗan Ladi na zaune kan moto. Ta sauke jakata ta ɗaura da kanta a baya. Na hau. Muka ɗan yi gaba na ce ya tsaya, ina son in ga ta juya. Na waiwaya. Tana nan tsaye inda muka bar ta, hannu ɗaya a ƙugu, tana kallonmu. Na ɗaga hannu, ta ɗaga. Ba ta motsa ba. A nan ne na lura da shirun. Tun muna bayan tudun nan na daina jin kukan shanu, ban ma san lokacin da ya ɗauke ba, balle ta wane gefe.

Ɗan Ladi ya yi magana ba tare da ya juyo ba. "Madam, tsohuwag ga ba ta tahiya sai mun ɓace. Ba ta so ki ga inda za ta bi."

Na sani. Tun kafin ya faɗa na sani. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Garke ya riga ya yi nisa, kuma duk daɗewar da na yi ina kallonta, tafiya nake ƙara mata kafin ta cim musu. Na ce masa ya ja mu tafi, kada in tsayar da ita a rana.